Motar da Alby Ya Ƙera

Motar gawa na tsaye a ƙofar gida, injinta na aiki, lokacin da Sajan Petrakis ya haɗa Darcy da bangon gareji ya murɗe masa hannu ta baya.

"Ina ka kai ta?"

"Sajan, hannuna! Na ce maka ban taɓa ta ba."

"Wancan karon ma haka ka ce."

Marlene Trezise ta fito daga kicin cikin baƙar riga, zif ɗin baya bai gama rufuwa ba. Ta dubi ɗanta, ta dubi ɗan sandan, ta dubi ƙofar garejin da aka ɗaga. Inda motar ke zama babu komai sai tampol ɗin rufinta yashe a ƙasa. Ta saurara ko za ta ji wani abu a ƙirjinta. Shiru. Tun ranar da mijinta Alby ya cika a asibiti haka take, kamar an yi mata allurar cire haƙori a jiki duka.

Shekara goma da ɗoriya Alby ya yi a garejin nan yana ƙera motar da hannunsa. Ja ce, mai kujera biyu, babu rufi, kwaikwayon wata tsohuwar motar tsere ta Amurka da ya gani a mujalla tun yana saurayi. Ƙarfen gindi shi ya yi masa walda, jikin kuma na faiba ne, wata roba mai tauri marar nauyi, ya goge shi da samfefa har ƙurar ta cinye masa huhu. Kafin ya mutu ya ce ya bar wa ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta garin Winnabarra. Yau aka shirya ɗora ta a tirela ta shige gaban gawarsa zuwa maƙabarta. Gari ya waye babu ita.

Masu makoki sun cika farfajiya, kuma duk idanunsu na kan mutum ɗaya. Ba su manta ba. Darcy ne ya sha ya bugu ya take 'yar mai gidan burodi, har yau da sanda take tafiya. Sakin talala aka yi masa a bazarar nan, da sharaɗin in ya sake riƙe sitiyari, ko na keken yankan ciyawa ne, ya koma gidan yari ya ƙarasa shekarunsa.

"Sake shi, Sajan," in ji Marlene. "Zai ɗauki akwatin ubansa."

"Marlene, an kawo ƙara. Ba ni da yadda zan yi."

"Da jikanyar Fasto ta ɓace a daji, wa ka taso daga barci?"

Sajan ya sassauta riƙon. Rabin rayuwarta Marlene ta yi tana bin sawun karnukan daji masu cin tumakin mutane, kuma duk wanda ya ɓace a yankin ita ake fara kira kafin jirgin sama.

"Ka sauke ƙofar nan, kada kowa ya shiga," ta ce. "Kafin a watse daga shan shayi zan ba ka wanda ya fitar da ita."

"In shi ne fa?"

"In shi ne, zan ba ka shi."

Kafin ƙofar ta sauka idonta ya riga ya kai ƙasa. Farar ƙura ta lulluɓe simintin, a cikinta ga sawun takalman aikin Alby, da yankan nan na diddigen hagu. Tun da Darcy ya dawo gida shi ke sa su. Ta ɗauke kai, ta nemi wanda zai ja mata zif.

*

Bronwyn, babbar 'yarta, ita ta tuƙa su zuwa maƙabarta. Ma'aikaciyar jinya ce a Adelaide, ita ta yi jinyar uban har ƙarshe. Darcy na baya yana murza wuyan hannunsa.

"Yaushe ka shiga garejin?" Marlene ta tambaya ba tare da ta juya ba.

"Jiya da yamma, Mama. Murfin but ɗin bayan motar ne Baba bai gama gogewa ba, na ƙarasa masa. Ba na son mutane su ga gurzo."

"Da wane takalmi?"

"Silifas. Na Baba na bar su a baranda, sun jiƙe a lambu."

"Da safe fa?"

"Suna nan inda na bar su. Ni barci nake har Sajan ya zo yana dukan taga. Mama, motar nan ko batir babu a cikinta. Ba a taɓa tayar da ita ba. Da me zan tuƙa ta, da addu'a?"

"Ka gaya wa alƙali," in ji Bronwyn.

"Yaya Bron, ko yau ba za ki huta ba?"

"Ni na ce ka yi suna? Kai da Baba, kun tare a garejin nan kamar masu tsafi. Ni ƙafata ba ta taɓa shiga ba, hotonta ma in ya turo gogewa nake. Ga shi ana binne mutum ana neman tarkace."

Marlene ta zuba wa hanya ido. Gonakin alkama an girbe su, sai kututture. Ta ga wani kangaru da mota ta buge a gefen titi, ta lura ya kwana biyu. Wannan kaɗai ta iya tunani.

*

An sauke akwatin, Fasto ya yi nasa, an miƙa mata ƙasa ta watsa. Ta lura ƙasar da danshi. Mutane na kuka, ita tana kallon takalmansu.

Noel Hentschke, shugaban ƙungiyar, shi ya kai ƙara. Ta same shi a bakin shinge yana share gumi, a-kori-kurarsa da tirela a bayansa.

"Na ga sawun tirelarka a ƙofata, Noel. Na safiyar yau."

Fuskarsa ta yi ja. "To ai ɗaukarta na zo yi! Na tarar da ƙofa a kulle, na ce bari in je in sha kofi ku tashi. Na dawo da Fasto, aka buɗe, wayam. Ke, Marlene, me kike nufi?"

"Alby ya ce ka taɓa cewa gara ta zauna a rumfarka da ta zauna a ta ƙungiya."

"Wasa ne! Wa zai saci motar da kowa ya sani? Ranar da ya gama fenti duk garin nan babu wanda bai zo ya zauna a ciki an ɗauke shi hoto ba. Har Sajan, da tumbinsa, sai da aka ciro shi. Kuma wa zai saye ta? Na gaya masa, Alby, ka sa sitiyarin a dama kamar na kowa. Ya ce a'a, ta asali a hagu yake, shi ba ya ƙarya ko a ƙarfe. Taurin kai kamar tsohon rago."

 Marlene ta bar shi ta zagaya bayan tirelar. Katakan hawa biyu na ɗaure a jiki, gizo-gizo ya yi saƙa daga igiyar zuwa ƙarfen gefe, saƙar har da ƙudaje busassu. Babu wanda ya kwance su kwanan nan.

"Ka wanke tirelarka, Noel," ta ce. "Da kunya a ɗora motar Alby a kan wannan."

*

A ɗakin taro na gari an jera shayi, sanwic na ƙwai, da kek mai kwakwa. Dulcie Orrock, maƙwabciyarta, tsohuwa mai na'urar ji a kunne ɗaya, ta cafke hannunta ta ja ta lungu.

"Ban gaya wa Sajan duka ba, 'yar nan. Kada a ce na fara ruɗewa."

"Me kika gani, Dulcie?"

"Ji na fara yi. Inji, da sassafe, gari bai gama haske ba. Na ce lalle yaron nan ya tayar da ita."

"Daga wane ɓangare?"

"Ta wajen tankinku."

"Famfon ruwa ne. Da kansa yake tashi."

"Au! To shi ke nan. Amma gani fa na gani." Ta rage murya, wadda ko a rage ana ji daga bakin ƙofa. "Na leƙa ta tagar banɗaki, sai ga Alby. Rigar ruwansa, hularsa, komai. Yana tafe daga filin baya zuwa gida, a hankali, kamar mai ciwon ƙafa. Na ce, Alby, bawan Allah, ko jana'izarka ba za ka bari a yi ba sai ka duba motar nan?"

"Daga filin baya? Ba daga titi ba?"

"Ni da titi ina na gan shi? Tagar banɗakina baya take kallo. Kin ci wani abu kuwa? Kin yi fari fat."

Marlene ta karɓi sanwic ɗin da aka tura mata, ta ajiye a kan kujera, ta fita ta ƙofar kicin. Ba wanda ya tsayar da ita. Mai takaba ba a tambayarta ina za ta.

*

Ta cire takalman coci a bakin garejin, ta kunna tocila ta kwantar da ita a ƙasa yadda hasken zai yi kwance. Ƙurar da Darcy ya tayar jiya ta sauka cikin dare ta rufe komai, har sawun silifas ɗinsa. Abin da ke samanta na safiyar yau ne kaɗai.

Sawu ɗaya ne, na mutum ɗaya. Ya shigo ta ƙaramar ƙofar gefe. Ya je ya buɗe babbar ƙofar baya, wadda ke kallon fili, wadda Sajan bai ko duba ba don hankalinsa na kan titi. Diddigen na jan ƙasa kaɗan, kamar takalmin ya yi wa ƙafar yawa. Ko kuma mai shi ya sha. Wannan bai wanke kowa ba.

Ta durƙusa inda tayoyin suka bar gurbi huɗu. Daga ƙofar baya sawun ya dawo ya miƙe kai tsaye zuwa gefen dama na motar. Nan ya tsaya, ƙafa biyu a jere. Yatsun sun nutse, diddige ya ɗaga: mutum ya sunkuya ya miƙa hannu ciki. Sai ƙafar ta ja baya, ta yi ɗan dabur-dabur a wuri ɗaya. Sannan sawun ya kewaya ta gaban motar ya koma hagu, daga nan ya fara turi.

Marlene ta daɗe a durƙushe. Tocilar ta fara dusashewa.

Ta bi layin tayoyin ta ƙofar baya. Motar faiba ba ta da nauyi, filin kuma gangare ne. Sawun na tafe a gefen hagu, hannu ɗaya a sitiyari, da farko da ƙyar, daga baya da gudu. Ya ratsa busasshiyar ciyawa, ya bi tsohuwar hanyar shanu, ya nufi ramin da aka daina fasa dutse a ciki tun tana yarinya, wanda ruwa ya cika. A bakin ramin akwai jan fenti a jikin dutse. A kan ruwan mai ya yi shimfiɗa mai launi-launi.

Gefe kaɗan ciyawa ta kwanta inda aka zauna. An daɗe a zaune. An tsittsinke ciyawa an yayyanka ta da farce ƙanana-ƙanana an tara a gefe.

Marlene ta zauna a gurbin. Ya yi mata daidai. Ta jira kuka bai zo ba, sai ta tashi ta kakkaɓe rigarta.

*

Da ta koma, an fara tattara kofuna. Sajan na tsaye kusa da Darcy, ankwa na leƙe daga aljihunsa. Noel da Dulcie na teburin gaba. Bronwyn na wanke faranti ta tagar kicin, hannun riga a naɗe. Ɗakin ya yi tsit da aka ga ƙafafun Marlene, babu takalmi, ƙura har ƙauri.

"Tana cikin ramin dutse," ta ce. "Tura ta aka yi."

Noel ya dafe kai. Wani daga baya ya ce, "Ɗan banza, ko gawar ubansa bai bari ta huce ba."

"Takalman Alby aka sa, da rigarsa da hularsa. Duk a baranda suke, kowa zai iya ɗauka."

"To ai shi ne mai sa su," in ji Sajan.

"Sajan, ranar da ka shiga motar nan, ta wane gefe ka zauna ka riƙe sitiyari?"

 "Hagu. Na tuna, har na ce masa wannan ai sai a Amurka."

"Noel?"

"Hagu mana. Na sha faɗa."

"Dulcie?"

"Ni cewa na yi an haɗa ta a juye, Alby ya yi fushi da ni har Kirsimeti."

Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri.

"Wanda ya fitar da ita gefen dama ya fara zuwa," in ji Marlene. Muryarta daidai take, kamar mai karanta hasashen yanayi. "Cikin duhu ya miƙa hannu inda sitiyarin kowace mota yake a ƙasar nan, ya lalubi iska. Sai da ya kewaya ya same shi. Darcy shi ya riƙe ƙarfen sitiyarin nan ubansa na ɗaurewa. Ko a buge, ko a makance, ba zai je dama ba. Duk wanda ke ɗakin nan ya zauna a cikinta. Mutum ɗaya ne bai taɓa ganinta ba, ko a hoto."

Ba ta juya ba. Ba sai ta juya ba. Ƙarar ruwan famfo a kicin ta tsaya.

Bronwyn ta fito tana goge hannu da tawul, ta ninke shi, ta ajiye a kan tebur.

"Kin san abin da Baba ya ce min na ƙarshe, Mama?" ta ce. "Ina riƙe da kansa, ina share masa jini a baki. Ya buɗe ido ya dube ni, na ce yau dai zai ce wani abu. Ya ce, Bron, ki tambayi Darcy ko ya rufe motar, kada ƙura ta hau ta." Ta yi wata 'yar dariya. "Ita ta kashe shi. Kuma ita za a sa a gaba, mu 'ya'yansa a bayanta. Na ce ba da ni ba."

"Wannan na ji," in ji Marlene. "Da safe fa, da aka haɗa ƙaninki da bango? Kina tsaye a baranda."

Bronwyn ta dubi tawul ɗin da ke kan tebur.

"Na ɗauka za su sake shi," ta ce. "Da na ga ba za su sake shi ba, sai na ce a raina, shi ai ya saba."

Darcy ya ɗago kai. Ya dube ta kawai, sannan ya ɗauki kofin shayin da ke gabansa, ya ga babu komai a ciki, ya mayar.

Sajan ya tura ankwar can cikin aljihu. "Noel, ƙarar taka ce. Ya za a yi?"

"Ni ban sani ba," in ji Noel, yana hawaye a fili. "Shekara goma, Bronwyn. Hannunsa duk a jikinta yake."

"Ki biyo ni ofis ki ba da bayani," Sajan ya ce mata. Ya juya ga Darcy, ya yi kamar zai faɗi wani abu mai tsawo, ya ƙare da, "Kai, je ka gida."

Da Bronwyn za ta wuce, ta tsaya daidai kafaɗar uwarta. "Da kin same ni ni kaɗai, Mama."

"A gaban mutane aka kama shi," in ji Marlene.

Ta raka ta da ido har mota. Sannan ta karɓi tawul ɗin ta shiga kicin ta ƙarasa farantan.

*

Washegari ƙungiyar ta ɗauko janwe daga birni da mai nutso, a ciro abin da ya saura. Marlene ba ta je ba. Tana baranda da shayin da ya huce, Darcy na zaune a matakala yana cin burodi. Ɗakin Bronwyn a gyare yake, jakarta babu. Tun safe uwa da ɗa ba su yi maganarta ba.

Wajen hantsi wani dogon mutum ya ɓullo daga filin baya, baƙar rigar nutso a zuge har ƙugu, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ba su san shi ba. Ya tsaya a gindin matakala yana haki.

"Sannunku. An ce nan ne gidan mai bin sawu."

"Ni ce. Kun ciro ta?"

"Mun ɗaura mata igiya. Ba ita ta kawo ni ba." Ya dubi Darcy, ya dubi Marlene, ya rage murya. "Motarku a kan wata motar ta sauka. Tsohuwa ce, ta shekara da shekaru a ƙasa. Gilasai a rufe, kuma akwai gawar mutum a kujerar baya. An ɗaure masa hannu da waya."

Darcy ya daina tauna.

Marlene ta zubar da shayin a kan ciyawa, ta miƙe.

"Mutum nawa ne yanzu a bakin ramin?"

"Rabin garin."

"Koma da gudu," ta ce, tana laluben hularta. "Ka ce kowa ya tsaya inda yake, kada su tattake wurin."